Albasar Mai Iri

Yayana ba mutum ne mai sauƙi ba, kuma ba zan mayar da shi mai sauƙi don ya mutu ba. Gajere ne, mai taurin jiki da taurin kai, maganarsa kaɗan, kaɗan ɗin ma da yaji. Unguwa ta san shi da Mai Iri, domin ba albasar miya yake nomawa ba, irinta yake fitarwa, ƙananan baƙaƙen 'ya'yan nan da masu lambu ke saya su yafa. Ni Yaya nake ce masa. Mu biyu Inna ta haifa, shi ne babba.

Albasar da ya riƙe duk rayuwarsa ta Inna ce, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. 'Yar ƙarama ce, mai faɗi kamar an danne ta da tafin hannu, ja har ta so ta yi baƙi. Takan yi wata da watanni a rataye ba ta ruɓe ba. Yajinta kuwa, in ana yanka ta a madafa, wanda ke zaune a ɗaki ma sai ya share ido. Na sha gaya masa cewa shi da albasar tasa halinsu ɗaya, ƙanƙanta da sa mutane kuka. Yakan ce ai gara shi, ana iya ajiye shi.

A lambun Inna na bakin rafi muka tashi. Ba ta iya koyar da abu da baki kawai ba, sai ta tsaga shi. Takan raba albasa gida biyu daga sama zuwa ƙasa ta ɗora mana a gwiwa, ta ce mu duba. Duk wannan tsokar da ake ci, riga kan riga, ganye ne da ya yi ƙiba, abinci ne da shukar ta tara wa kanta. Ainihin albasar yana can ƙasa, ɗan tushe mai tauri, faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba. Daga ƙasansa saiwa ke fita, a kansa rigunan suke tsaye, a tsakiyarsa kuma ɗan tsiro ke kwance yana jiran lokacinsa. Ta ce duk sauran jikin bauta wa wannan ɗan abin yake yi.

Haka ta yi mana da duk abin da ke ajiya a cikin ƙasa. Tafarnuwa 'ya'ya ne da yawa a kan tushe ɗaya, kowanne da nasa tsiron. Gwaza dunƙule take, ba riguna, sai zobe-zobe a fata. Dankalin turawa kara ne da ya kumbura, shi ya sa yake da idanu, kuma duk yankin da ke da ido zai fito. Citta a kwance take tafiya, gaɓa bayan gaɓa. Rogo kuwa saiwa ce zalla, komai girmansa ba shi da ido, in ka binne shi ruɓewa zai yi, sai dai ka dasa karansa. Yaya ya riƙe wannan karatun har tsufansa, da shi ma yake zagin mutane. Babban ɗansa, wanda ya zama direban babbar mota, ƙato ne, sai ya sa masa Rogo. Ni kuma Citta, wai ana shuka ni a nan sai a tsince ni a gonar maƙwabta.

Aikin fitar da iri na mai haƙuri ne. Shekarar farko a yafa iri a sami albasa. A zaɓi masu kyau a rataye. In sanyi ya shigo a sauko da su a mayar da su ƙasa, sai su fitar da dogon kara mai rami, ya yi farin fure, furen ya ba da iri. Kafin a mayar da su ƙasa akwai yanka. Yaya yakan sare kan kowace albasa, kamar kashi ɗaya cikin uku, ya leƙa ciki. In zoben ya zagaye zuciya ɗaya, lafiya lau, sai ya shafa toka a wurin yankan ya ajiye ta gefe. In zuciyar ta rabu biyu ko akwai alamar ruɓa, ta tukunya ce. Tushe kuwa wuƙarsa ba ta kusantarsa.

Ga inda nake da faɗa da shi har gobe. Ranar yanka, ɗaki yake shiga da kwandon ya turo ƙofa. Ba mai riƙe masa ko da kwano. Wuƙarsa, wata 'yar siririya da wasawa ta cinye rabinta, ba mai taɓawa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta gaji da magana ta zuba masa ido. 'Ya'yansa abin da suka sani shi ne Baba yana yanka albasa kafin ya shuka, kuma a makon nan miyar gidan ba ta ciyuwa sai da hawaye. Na ce masa Inna a gwiwa ta ɗora mana, shi kuma ya rufe ƙofa. Ya ce yaran yanzu hannunsu rawa yake yi, zai nuna musu in sun natsu. Suka natsu, suka yi aure, suka haihu, bai nuna ba.

Duniya kuma ba ta tsaya jiransa ba. Gari ya yi ta matsowa har ya haɗiye lambun bakin rafi, aka gina shaguna a inda muke ɗiban ruwa. Masu lambu suka koma sayen irin gwangwani, mai ba da manyan albasa da ke cika buhu da wuri. Masu zuwa ƙofar Yaya suka ragu, suka ragu, har aka daina zuwa. Abin da ya rage masa shi ne ɗan fili a bayan gida, tsakanin katanga da wurin wanke-wanke. Wurin ba ya ɗaukar aiki biyu, don haka bana ya noma albasa, baɗi ya fitar da iri. Irin albasa kuwa ba ya jimirin ajiya, in ya wuce shekara ya fara mutuwa. Ba wanda ke saye, ba wanda ke tambaya, amma bai taɓa tsallake shekara ba, domin ya san in ya tsallake sau ɗaya albasar Inna ta ƙare a duniya.

Bayan rasuwar matarsa, Auta ce ta dawo gidan ta riƙe shi. Ita ce ƙaramar 'yarsa, kuma a madafar wata makarantar kwana take aiki. Kowace safiya buhun albasa ake jibge musu, ita da abokan aikinta. Na taɓa kai mata saƙo can na tsaya ina kallo. Ɗaki ne mai zafi, dogon teburin ƙarfe, manyan tukwane suna huci, ita kuma hannunta na tafiya ba ta ko kallonsa: ta sare kai, ta sare tushe, ta ɓare, ta jefa a roba, ta ɗauko wata. Tana yi tana hira. Aibinta ɗaya, yankanta da kauri. Saboda sauri, rabin albasar take bari a jikin tushen ta zubar. Shugabar madafa ta yi faɗa, ni ma na yi har na gaji. Nakan ce mata da ni ce mai makarantar, a bola zan riƙa ciyar da ɗalibai, don can abincin yake.

A ƙarshen damina Yaya ya faɗi a bakin famfo. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama da harshe. Mutumin da dama maganarsa kaɗan ce, sai aka karɓe kaɗan ɗin. Da aka sallamo shi daga asibiti muka shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakinsa, daidai ƙarƙashin katakon rufin da albasar shekarar ke rataye. Waɗannan su ne duka. Irin bara ya yafa shi kaf, ɗan abin da ya rage a kwalba danshi ya lalata. Yana kwance yana kallonsu daga safe zuwa yamma.

Na zauna da su har sanyi ya fara shigowa, sai aka aiko cewa 'yata ta haihu a wani gari, haihuwar kuma ta zo da wahala. Na tattara na tafi. Abin da ya faru bayana, daga bakin Auta na ji shi.

Albasar ta fara turo koren baki a rataye, alamar lokaci ya yi. Yaya ya ƙi abinci. Ya riƙa nuna sama da hannun hagu, yana wani irin gurnani, sannan ya miƙe tafin hannun ya yi ta saran katifa da gefensa. Auta ta gane. Ta tambaye shi ko yanka yake so a yi a shuka, ya gyaɗa kai da ƙarfi har hawaye ya zubo masa. Ta ce ranar ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba, ga shi Baba ya ba ta aikin da bai taɓa ba kowa ba. Ta sauko da su duka, ta ɗauko siririyar wuƙar daga bayan ƙofa. Ya yi ta jan zanenta, ita kuma ta ɗauka gaggawa yake yi mata. Ta ce masa kada ya damu, yajin zai dame shi a ɗaki, yanzu za ta gama. Ta fita da kwandon tsakar gida.

Hannun da ya yanka albasa buhu-buhu ba ya tambayar mai shi. Ta sare kai, ta sare tushe, ta ɓare busasshiyar rigar, ta jera su fes a faranti, ja suna sheƙi. Rogo yana gari ranar, shi ya yi kaftu ya gyara fangali, suka binne su layi-layi suka ba su ruwa. Suka shiga suka ce wa Baba an shuka. A daren ya cinye abincinsa tas.

Da na dawo, kwana ya ɗan ja. Ina shiga ko gaisuwa ba mu gama ba Yaya ya kama hannuna yana nuna bayan gida. Auta ta ce haka yake yi kullum, so yake a ce masa sun fito, su kuwa shiru, wataƙila sanyi ne bai isa ba. Na zagaya baya. Tun kafin in durƙusa wari ya gaya mini. Na sa yatsa na tono ɗaya, ta narke a hannuna. Na tono ta biyu, wadda ta ɗan fi ƙwari, na juya ta. Ƙasanta a shafe yake sumul, yankan wuƙa mai kyau. Na bi layin ina tonowa kamar mahaukaciya, ko an manta da guda ɗaya. Auta ba ta mantuwa a aiki.

Na zauna a ƙasa na tsaga wa Auta wata albasar kasuwa a gwiwa, na nuna mata abin da Inna ta nuna mana. Da ta gane, ba ta yi kuka ba, sai ta riƙa duban hannunta kamar na wani ne aka manna mata. Haushi ya cika ni, amma ba nata ba. Na wanda ke kwance a ɗaki ne, wanda ya shekara arba'in yana turo ƙofa.

Rogo ya zo da yamma ya kawo shawara irin tasa. Wai a sayo jar albasa a kasuwa a shuka, ta fito kore, a ɗauko Baba ya gani, hankalinsa ya kwanta. Tsoho mara lafiya, me za a tayar masa da hankali a kai? Na ce masa ubansa daga kaurin lawashi zai gane, tun daga bakin ƙofa. Amma ban hana ba, domin ni ma tsoron gaya masa nake ji. Auta ce ta ce a'a. Ta ce ta riga ta yanke masa abu ɗaya, ba za ta ƙara da yi masa ƙarya ba.

Da safe ta ɗora ruɓaɓɓiyar albasar a ɗan faranti ta shiga, ni ina bayanta. Ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Baba, na ɓata," in ji ta. "Na sare musu tushe. Duka. Ban sani ba."

Ya ɗauki abin da hannun hagu, ya juya, ya shafa ƙasan da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa. Na sha ganin Yaya cikin fushi, na ga ranar da aka auna lambun Inna da igiya, na ga ranar da aka fita da gawar matarsa, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta zube irin haka ba. Ya rufe ido. Na ce a raina shi ke nan, mun kashe shi da ransa.

Can sai ya buɗe. Ya jawo kofin shayinsa, ya kifa shi, ya ƙwanƙwasa ƙasan kofin da farce, ya dubi Auta. Ba ta gane ba. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya buɗe tafin hannu yana tambaya.

"Yana tambayarki ina tushen," na ce mata. "Abin da kika sare, ina kika kai?"

Ta ce ta zubar. A ramin shara na bayan wurin wanke-wanke, inda mahaifiyarta ta saba zuba ɓawo da tokar murhu. Ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa, irin nunin da yake yi wa yaro in ya tsaya sanya.

Ramin yana gefen katanga, ruwan wanke-wanke na tsiyaya ta bakinsa. Muka durƙusa mu biyu muna yaye shara da hannu: ɓawon ƙwai, ganyen shayi, toka mai danshi. Da yawa sun bushe sun zama kamar ɓawon gyaɗa, wasu kaji sun tsattsage. Sai Auta ta tsaya cak. A ƙarƙashin tokar, ga wasu 'yan siraran koraye kamar allura, sun lanƙwashe suna neman haske. Ta sa yatsu a hankali ta ɗago ɗaya. Tushe ne, da kaurin tsoka a kansa kusan rabin albasa, irin yankanta na ɓarna, fararen saiwoyi sun fito ta ƙasa sun kama toka. Da yankan mai tattali ne irin nawa, da babu abin da tsiron zai ci ya rayu. Waɗanda muka samu da rai ba su cika tafin hannu biyu ba. Daga ranar ban sake yi mata faɗan kaurin yanka ba.

Rogo ya ɗauko uban kamar jariri ya kawo shi bayan gida, muka jingina shi da katanga a kan tabarma. Aka kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar aka zuba sabuwa. A nan na ga abin da na shekara arba'in ina roƙo. Yaya ya kama wuyan hannun Auta da hannunsa na hagu, ya kai shi ƙasa, ya nuna mata zurfin da yatsanta, ya juya tushen saiwa ƙasa, ya danna hannunta a kai don ta ji iya nauyin da ake dannawa. In ta yi sauri sai ya ɗan buge ta a bayan hannu. Da suka gama ya sa aka kawo albasar kasuwa da wuƙarsa, ya sa ta sare kai kawai, ya nuna mata zobe da zuciya. Sannan ya tura mata wuƙar gabanta ya janye hannunsa. Na juya baya ina gyara ɗankwali, don ba na son ya ga ina kuka ya samu abin yi mini dariya.

Ba duka suka kama ba. Waɗanda suka kama ma a raunane suka tashi, kuma kaɗan ne suka iya fitar da kara, sirara, sai da Auta ta kafa musu tsinke. Kullum kafin ta tafi aiki sai an fito da shi ya gan su, in ta dawo ta tarar da shi yana korar kaji da sanda. Suka yi fure, fararen dunƙule ƙanana, ƙudaje da ƙudan zuma suna ta sauka. Ya gan su. Wannan kam ya gani, kuma ina gode wa Allah a kan haka. Amma jikinsa yana ta raguwa. In na ɗaga hannunsa zan shafa masa mai, sai in ji ba nauyi. Ya rasu da hantsi, furen ya fara bushewa amma irin bai yi baƙi ba tukuna.

Auta ce ta yanke kawunan da suka nuna, ta shanya, ta murje a faranti. Irin da aka samu bai cika murfin kwalba ba. Da ta zo tuge karan, ta kira ni ta nuna mini abin da ke ƙasa. Tsokar nan duk ta tafi, sai wata busasshiyar fata kamar takarda, ta shanye kaf ta hau sama. Ta tambaye ni ko haka suke yi kullum. Na ce haka suke yi. Kowa ya san wanda yake tunawa.

Abin da ya rage shi ne ko irin zai fito, in ya fito kuma ko ita ce. Iri daga shukar da ta sha wuya haka, ga albasar maƙwabta da ƙudaje ke yawo a kai, ba wanda zai rantse. Auta ta yafa, ta dasa, ta yi ta ban ruwa. Da lawashin ya kwanta ta tone su, ƙanana, masu faɗi, ja mai duhu. A ido dai sun yi kama. Ta ware na ratayewa, ta ɗauki guda ɗaya wadda ta ɗan ji rauni wajen tono ta shiga madafa da ita.

Ina ɗakin Yaya a lokacin, ina ninke kayansa da aka daɗe ba a bayar ba. Tsakanina da madafa akwai tsakar gida da labule. Na ji ƙarar wuƙa a kan katako. Ban kai ga ninke riga ta gaba ba idona ya fara yaji, hancina ya ɗauka.

"Gwaggo," ta kira daga can. "Ita ce?"

"Ita ce," na ce.

Na zauna a bakin katifar da rigar a hannuna, na bar idon ya yi ta zuba.